Kada Ka Bar Shi

Kibiya, farkon damina

Zuwa ga ɗana Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan sana'arka na Fatakwal. Mu nan sai godiya. An yi ruwan shuka, gari ya watse gona. Ƙafata ta yi sauƙi, kunnen ne dai kullum yake ƙara nauyi. Don haka ka daina wahalar da kanka da kiran waya. Ina ganin sunanka yana haske, ina ɗauka, amma ba abin da nake ji sai kamar ana tankaɗe. Ishiyaku direba ya ce duk sa'ad da zai sauka da albasa zai biyo ya karɓi takarda. Dama ni malamar makaranta ce, ko na yi ritaya biro bai fi ƙarfina ba.

'Yar'uwarka Bushra ta zo daga Rurum ta duba ni, ta koma ɗakinta. Tana so in tattara in koma wurinsu, na ce mata gidan suruki ba wurin zamana ba ne. Amma gaskiya gidan nan ya yi mini girma. Sai in yini ban buɗe baki ba, in ba kaji zan kora ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san Zubaida maƙwabciyata, uwar Sagiru. Tun ranar da ɗanta ya goya Mahdi a babur za su Rano, ya faɗi da shi a hanya, aka kawo mini ɗana a rufe, ban sake taka gidanta ba. An taru gaban dagaci na ce na yafe, kana wurin. Bakina ne ya faɗa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma in na hango ta a bakin famfo sai in tsaya har ta wuce.

Kwanakin baya na ga awakinta sun shigo mini suna cin dusar kaji, ga rana ta take. Zubaida kuwa ba ta sakin awaki da damina. Na taka turmi na leƙa ta katanga, sai na gan ta kwance a bakin murhu, fuska a ƙasa. Aka kai ta asibiti a Rano, suka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. 'Yarta Hafsa ta zo daga Zariya ta yi 'yan kwanaki, amma ga goyo, ga yara a can, dole ta koma. Sagiru kuwa ka sani, tun da ya warke mutanen gari suka ƙi hawa bayansa, ya shiga duniya, ba wanda ya san inda yake.

To ni nake shiga. Da safe in kai mata kunu, in juya ta, in wanke abin da ya kamata a wanke. Kada ka ɗauka sonta nake yi. Ranar farko da haushi na ba ta kunun. Bakinta ya karkace, magana ba ta fita sosai, ni kuma ba na ji. Haka muke zama, tana kallon bakina, ina kallon nata.

Tuntuni Malama Jannatu ta Islamiyya ta ba ni wata shawara da ta ga ina ramewa. Ta ce bayan sallar asuba in riƙa kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, ina roƙa musu lafiya da kwanciyar hankali. In fara da waɗanda nake so, in gangaro kan waɗanda ba ruwana da su, irin su mai gawayi, sannan in ƙare da wanda zuciyata ba ta so. Kai da Bushra kuna fita da sauƙi. Zubaida sai da ƙyar. Sunan ɗanta kuwa har yau ya ƙi fita.

Ka rubuto mini. Ka kuma riƙa cin abinci, an ce ka rame.

Gwaggonka,
Asma'u

*

Fatakwal

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Bushra da maigidanta. Takardarki ta iso, Ishiyaku ya ciro ta daga aljihu tana warin albasa. Na karanta a rumfa, na sake karantawa a ɗaki. Ni lafiyata ƙalau. Ruwan garin nan ne ba ya ɗaukewa, wanki ba ya bushewa, albasa tana ruɓewa muna kallo. Hausawa muna da yawa a kasuwar, amma in an tashi kowa wayarsa yake kamawa. Ni wanda na saba kira in an tashi Mahdi ne. Har yanzu ban goge lambarsa ba.

Batun Zubaida, Allah ya ba ki lada. Amma Gwaggo, ba ta da dangi ne? Ke da ƙafa ba lafiya, ke za ki riƙa ɗaga ta? Ban ce ki daina ba, ni dai abin ya tsaya mini.

Yanzu ki zauna kafin ki karanta wannan. Na ga Sagiru. Yana nan kasuwarmu, ɓangaren masu doya, yana dako da baro. Ya rame, ya tara gemu, yana jan ƙafar hagu, ga tabo daga kunne har haɓa. Muhammad Sani suke kiransa. Na yi tambaya a kaikaice, aka ce ba shi da kowa a garin, ladan ne ya bar shi yana kwana a barandar masallaci, shi kuma yana shara yana cika butoci. Kowa yabonsa yake. Bai gan ni ba tukuna.

Abin da ya ƙona ni, na same shi yana dariya. Yana zaune kan baronsa yana shan shayi, wani ya tsokane shi, ya kwashe da dariya har da buga ƙafa. Mahdi yana ƙarƙashin ƙasa, shi yana dariya. Ranar ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Ban yi komai ba, don ke ce uwa, ke aka fi yi wa. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ɗanki,
Tajuddeen

*

Kibiya

Tajuddeen,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma muna nan. A tsaye nake rubutun nan, Ishiyaku yana zaure yana jira, ya bar mota a bakin titi.

Takardarka ta same ni a mummunar rana. Jiya ina neman tsintsiya a ɗakin ajiyar Zubaida, na ɗaga wata tsohuwar tabarma, sai ga babur ɗin. Ashe nan suka ajiye shi. Fitila a fashe, kai a murɗe, har ƙasar wurin tana manne a jiki. Na fito ban ko kalli inda take ba. Ban koma ba sai yau da hantsi. Na tarar kunun jiya ya bushe a kofi, ita kuma ta ɓata shimfiɗa. Allah ya yafe mini.

Dariyar nan da ka ce ka gani, na daɗe ina kallon layin.

Tunda duk faɗin ƙasar nan Allah ya kai shi gabanka, ba banza ba. Kada ka bar shi, Tajuddeen. Ko ya ɓuya ka nemo shi. Ka san abin da uwa take ji. Kada ka bar shi.

Asma'u

*

Fatakwal

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na yi abin da kika ce.

Ranar Juma'a bayan an sallame, jama'a ba su gama watsewa ba, yana naɗe tabarmi. Na tsaya a bakin baranda na ɗaga murya na ce, "Sagiru na Zubaida, mutumin Kibiya!" Tabarmar ta suɓuce daga hannunsa. Na juya na ce wa mutane, "Wannan da kuke yabo ba sunansa Muhammad Sani ba. Shi ya kashe ɗan'uwana da gudun ganganci, ya bar tsohuwa da kuka, ya gudo nan yana dariya."

Ladan ya ce, "Malam, gaskiya ne?"

Ya ce, "Gaskiya ne."

Ba wanda ya taɓa shi. Amma kin san kasuwa. Washegari masu doya suka ce ba za su ba mai ɓoye suna kayansu ba. Mai baro ya karɓe baronsa. Ladan ya ce ya nemi wani wurin kwana, don jama'a suna magana.

Da zai tafi ya biyo ta rumfata da 'yar ledar kayansa. Ya tsaya daga waje, ruwa yana dukansa. Ya ce, "Tajo, Allah ya ba ka haƙuri. Abu ɗaya zan tambaye ka. Innata tana lafiya?" Na ci gaba da tsintar albasa kamar ban ji ba. Ya jima a tsaye, sannan ya wuce.

Na zaci zan ji sanyi a raina. Tukuna dai. Amma in ke kin samu sauƙi, ya ishe ni.

Motar Ishiyaku ta lalace, tana gareji, ban san yaushe wannan za ta iso ki ba.

Ɗanki,
Tajuddeen

*

Kibiya, tsakiyar damina

Ɗana Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Shiru ya yi yawa. An ce motar Ishiyaku ta maƙale a can, don haka na ba Salahuddeen mai barkono wannan, zai sauko a motar haya. Ina fata kana lafiya. Gero ya fi mutum tsawo, hanyar Zinyau ta yi laka, masu babur suna ta ƙorafi.

Na gaya wa Zubaida. Na zauna a gefen katifarta na ce, "An ga Sagiru. Yana da rai, yana Fatakwal, Tajuddeen yana kula da shi." Da ka ga abin da ya faru! Hannun nan mai lafiya ya damƙi zanina har na kusa faɗuwa. Hawaye ta ido ɗaya kawai suke zuba mata yanzu, sai da suka jiƙa matashi. Ranar ta ci tuwo, rabonta da tuwo tun kafin ta kwanta.

Yanzu kullum na shiga sai ta nuna ƙofa da haɓa. In ce mata hanya da nisa, a yi haƙuri. Shekaranjiya ta sa na buɗe akwatinta, ta yi ta nuni har na ciro wata shadda ruwan toka da ta ajiye. Na gane nufinta, na kai wa tela. Na kwatanta masa jikin da na sani a da, na ce ya rage kaɗan tunda ka ce ya rame.

Na yi mata kitso ma. Gashin ya cukurkuɗe, sai da na yini ina tsefewa. Zan faɗa maka wani abu, kada ka yi mini dariya. Yanzu ni ce nake ƙosawa gari ya waye in shiga. Duk garin nan ita kaɗai ce take jiran zuwana.

Yaya yake? Yana samun abinci? Barandar masallaci da wannan ruwan naku ba wurin kwanan mai ciwon ƙafa ba ne. In ɗakinka zai ɗauki mutum biyu, ka duba. Kada ka matsa masa, ka bi shi sannu. Labarin uwarsa ma ka faɗa masa da dabara. Na san da wuya a gare ka, kai ma abokin tashinka ne ya tafi. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Ka fara da sallama kawai, sauran zai zo ko ba zai zo ba.

Gwaggonka,
Asma'u

*

Kibiya

Tajuddeen,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya Ishiyaku ya kawo takardarka, wadda ka ce ka yi abin da na ce. A zaure na karanta, a nan na zauna har la'asar.

Cewa na yi kada ka bar shi shi kaɗai. Kada ka yar da shi. Uwar da na ce ka san abin da take ji, Zubaida nake nufi. Ba zan ɗora maka duka ba. Ni na yi rubutu a tsaye, da haushin babur a wuyana, na ba ka rabin magana. Amma Tajuddeen, mutum ya tsaya cikin ruwa yana tambayarka uwarsa, ka ci gaba da tsintar albasa? Ba haka ɗan'uwana ya rene ka ba.

Yau da safe na shiga, ta nuna ƙofa kamar kullum. Ban yi mata ƙarya ba, ban kuma faɗa mata ba. Na ce, "Allah ya kawo shi." Ta ɗaga kai tana murna. Rigar ta dawo daga wurin tela, tana rataye a ƙusa inda idonta yake kaiwa. Na fita bayan ɗaki na yi kamar ina ɗauraye kofi.

Jikin nata ya juya. Tari ya kama ta, tuwo ya daina wucewa, mun koma kunu mai ruwa. Ma'aikacin lafiya ya zo ya duba, na ga fuskarsa.

Ka rufe rumfar in ta kama. Ka nemo shi, ka amsa masa tambayar da ya yi maka.

Asma'u

*

Fatakwal

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Takardunki biyu sun iso, ta Salahuddeen ta riga. Da na karanta wurin shaddar nan na kasa tashi daga kan buhu. Na ɗauki biro na ajiye, don ba ni da abin rubutawa sai na gan shi.

Na bar wa maƙwabcina rumfa. Na bi tashoshin mota, na je mayanka, na je wurin masu gwangwan. Ina kwatanta tabo da ɗingishi, wasu su ce sun gani, wasu su ce in ba su wuri. Daga ƙarshe wani mai shayi ya ce in duba bakin ruwa, inda ake sauke yashi daga kwale-kwale. A can na same shi, da kwano a ka, yana fitowa daga ruwa da zazzaɓi a jikinsa.

Yana ganina ya sauke kwanon zai wuce. Na yi masa sallama, ya juya mini baya. Na ce, "Innarka tana da rai. Ba ta da lafiya, ɓarin jikinta ya shanye. Gwaggo ce take jinyarta."

Ya ce, "Wace Gwaggo?"

Na ce, "Malama Asma'u."

Sai ya zauna a kan yashi ya rufe fuska da hannu. Ban taɓa jin babban mutum yana irin wannan kukan ba. Da ya lafa na ce ya tashi mu je gida. Ya ce, "Da wane ido?"

Washegari na koma da burodi da magani. Bai taɓa ba sai da na tafi. Na sake komawa. Sai mu zauna muna kallon kwale-kwale. Haka muka yi ta yi har ranar da zazzaɓin ya kayar da shi, na sa shi a keke na kawo shi ɗakina. Na kuma je masallaci, a wurin da na tsaya rannan, na ce wa ladan da jama'a uwar mamacin ta yafe tuntuni, ni ne na zo da abin da ba a aiko ni ba.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in na kalle shi Mahdi nake tunawa. Amma na manta rabon da in sa hannu a kwano ɗaya da wani a garin nan, sai da ya zo.

Ya yarda zai taho. Gobe Ishiyaku zai juyo, zai hau tare da shi. Na kira Bushra na ce ta zo ta faɗa miki. Takardar nan Sagiru ne zai miƙa miki da hannunsa. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Tajuddeen

*

Kibiya, an fara yankan gero

Ɗana Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kai ma haka. Na yafe maka, wannan kuma har cikin raina.

Na san ka ji rasuwar ta waya, amma ga yadda aka yi. Bushra ta hau babur ta zo da saƙonka. Na shiga na ce wa Zubaida, "Yana hanya." Na ji daɗin faɗa, don wannan karon ba abin da na ɓoye. Ta matse mini yatsa. Amma ruwa ya tare su Ishiyaku a wajen Lakwaja, motoci suka yi layi. Ranar Laraba da hantsi ina goge mata baki ta cika. Ni na rufe mata ido, ni da Malama Jannatu muka yi mata wanka.

Sagiru ya iso ana shirin addu'ar uku. Ya durƙusa a zaurena ya miƙo takardarka da hannu biyu, bai ɗago ba. Na karɓa na ce masa sannu da hanya, Allah ya ji ƙanta. Iyakar abin da na iya ke nan.

Hafsa ta koma Zariya. Yanzu shi kaɗai ne a gidan, da awaki. Ba ya fita sai masallaci, yana dawowa ya rufe ƙofa. Ni kuma da safe sai in ga na dama kunu na tsaya da kofi a tsakar gida. Da na ga haka sai na fara kai masa abinci. In buga ƙofa, ya karɓa, ya ce, "Na gode, Malama," in juyo.

Ranar Asabar ban juyo ba. Akwai abin da na daɗe ina son sani, kuma duk duniya shi kaɗai ya sani. Na zauna a dakali na ce ya matso, ya ɗaga murya. Na ce, "Sagiru, me Mahdi ya ce a kan hanya? Kada ka gyara mini."

Ya matso. Sannan ya ce, "Wani ne ya wuce ni da gudu, na ce sai na kamo shi. Mahdi ya dafa kafaɗata ya ce, Sagiru, a hankali, ba sauri muke ba."

Na ce, "Sai me?"

Ya ce, "Shi ke nan, Malama. Ban rage ba."

Na tashi na shige gida. Ranar ban hura wuta ba. Washegari na dafa nawa ni kaɗai, na ci a ɗaki da ƙofa a rufe, na ce a raina ya mutu da yunwa mana. Jiya da yamma na taka turmi na leƙa. Yana zaune a tsakar gida ya jingina da bango, akuya tana cin gefen tabarmar da yake kai, bai ko kore ta ba. Murhun a sanyi.

Ka zo gida da Sallah, Tajuddeen, ko kwana kaɗan ne. Ina son in ga wanda zan kalla ba sai na yi ƙoƙari ba.

Zan tsaya nan. Tuwo ya nuna, na yi miyar kuɓewa, zan kai masa tun da zafi. Gobe kuma ban sani ba, sai ta waye.

Gwaggonka,
Asma'u